Tiya, Gwangwani da Allo: Sabon Malami da Koyar da Lissafi ta Hanyar Aiki

A shekarar 1985 wasu masana uku, wato Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann, suka fitar da sakamakon wani ɗan ƙaramin bincike da suka gudanar a birnin Recife na ƙasar Barazil. Yara biyar suka bibiya, 'yan shekara 9 zuwa 15, masu sayar da kwakwa da lemo da makamantansu a bakin titi. Masanan sun fara zuwa ne a matsayin masu saye, suna tambayar farashi da canji, kuma yaran suka amsa kusan kashi 98 cikin 100 na tambayoyin daidai. Daga baya aka ba su lissafin nan dai a kan takarda, an tuɓe masa kwakwa da kuɗi, ya zama lambobi zalla, sai abin da suka ci ya faɗo zuwa kusan kashi 37 cikin 100. Wani daga cikinsu mai shekara 12 da aka tambaya kuɗin kwakwa huɗu a kan 35 kowace ɗaya, ya tara da ka ya ce 140. Da aka rubuta masa 35 sau 4, sai ya bi ƙa'idar da ya haddace a aji, ya cakuɗa matakanta, ya rubuta 200, bai kuwa ga wani abin mamaki a amsar ba.

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a Kano ko Katsina ko Gusau ya san wannan yaro, ko da bai taɓa jin sunan Recife ba. Ita ce yarinyar da ke tallar gyaɗa da yamma, ba a taɓa cutar ta a canji ba, amma da safe ta kasa ɗebe 175 daga 500 a kan allo. Irin wannan giɓi ne ya sa dabarar koyarwa ta hanyar aiki, wadda 'yan makaranta ke kira furojet, take da farin jini a kwalejojin ilimi da tarurrukan bita. Ana gaya wa sabon malami ya daina cika allo da ƙa'idoji, ya ba ɗalibai wani aiki na zahiri mai ɗaukar kwanaki ko makonni, su auna, su ƙirga, su yi gardama, su fito da amsa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne shawarar tana da kyau, amma yadda ake bayar da ita yana jefa sabon malami cikin ruwan da bai iya iyonsa ba. Aikin ba ya koyar da lissafi da kansa. Abin da ke koyarwa shi ne maganar da ake yi a kan aikin, da yadda malami ke ɗauko wannan magana ya ɗora ta a kan lambobi da alamomi. Tun da kuwa maganar da Hausa ake yin ta a mafi yawan azuzuwan Arewa, ko an yarda ko ba a yarda ba, lamarin ya shafi manazarta harshen kai tsaye.

Dabarar ba sabuwa ba ce

William Heard Kilpatrick, wanda ya yi karatu a hannun John Dewey kuma ya koyar a Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolumbiya a birnin Niyok, shi ne ya yayata dabarar da wata maƙala da ya buga a 1918. Jigon maganarsa shi ne yaro ya fi koyo idan yana aikin da ya sa zuciyarsa a kai, yana kuma da manufar da yake son cimmawa. Ra'ayin ya bazu ƙwarai. Tarayyar Sobiyet ta rungume shi a shekarun 1920, sannan a 1931 kwamitin tsakiya na jam'iyyar gurguzu ya yi watsi da shi bisa hujjar cewa yara na fita daga makaranta ba su da tsayayyen ilimin darussa. Shi kansa Dewey, a littafinsa na 1938 kan gogewa da ilimi, ya ja kunnen masu zaton sakin yara su yi abin da suka ga dama shi ne ci gaba.

Hujja mafi ƙarfi da masu goyon bayan dabarar ke kafawa a fannin lissafi ita ce binciken Jo Boaler, wanda ya fito a littafi a 1997. Ta shafe shekara uku tana bin ɗalibai kimanin 300, daga shekara 13 zuwa 16, a makarantu biyu na Ingila da ta laƙaba wa sunayen aro, Amber Hill da Phoenix Park. A ta farko malami ne ke bayani, ɗalibai su bi littafi. A ta biyu kuwa ayyukan bincike ake bayarwa masu ɗaukar makonni. Ɗaliban makaranta ta biyu ba su gaza na farko ba a jarrabawar ƙasa, kuma sun fi su iya tunkarar tambayar da ba ta zo da siffar da suka saba gani ba. Sai dai masu kafa hujja da wannan bincike sukan tsallake abu biyu. Malaman Phoenix Park sukan tsayar da aiki su koyar da ƙa'ida a daidai lokacin da ɗalibi ya buƙace ta, kuma a watannin ƙarshe kafin jarrabawa makarantar ta ajiye ayyukan ta koma shirin jarrabawa.

A ɗaya ɓangaren akwai Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark, waɗanda maƙalarsu ta 2006 ta yi suka mai zafi ga duk koyarwar da ke rage jagorancin malami. Hujjarsu ita ce abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda ɗan kaɗan ne, don haka ɗan koyo da aka sake shi cikin matsala mai rassa da yawa zai ƙare ƙarfinsa wajen lalube, ya tashi bai riƙe komai ba. Wannan suka ba ta rushe dabarar ba, amma ta nuna inda take karyewa. Abin lura kuma shi ne hujjar ta hau kan sabon malami kamar yadda ta hau kan ɗalibinsa, domin shi ma ɗan koyo ne. Nijeriya ma ta taɓa ɗanɗana ɗaukar salo daga waje ba tare da an shirya malamai ba: lissafin zamani da aka shigo da shi a shekarun 1960 an soke shi a 1977.

Halin da sabon malami ke ciki

Mai shaidar NCE ko digirin ilimi da aka tura ƙaramar sakandare yana shiga aji ne da ɗan abin da ya samu a koyarwar gwaji ta 'yan watanni. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ɗalibai 35 zuwa 40 ga malami ɗaya, amma a makarantun gwamnati na manyan birane ba baƙon abu ba ne a tarar da ninkin wannan. Darasi minti 40 ne ko ƙasa da haka. Akwai manhajar da shugaban makaranta ke son a gama kafin ƙarshen zango, akwai kuma jarrabawar da za a yi da Ingilishi. Wanda bai gama koyon sunayen ɗalibansa ba, bai kuma san wane kuskure suka fi yi a rabawa ba, idan aka ce ya raba yara tamanin gida goma ya ba su aikin wata guda, abin da ya fi yiwuwa shi ne a sami hayaniya ta mako huɗu da kyakkyawan kwali a manne a bango. Kwalin nan shi ne babban mayaudari. Jami'in duba makarantu zai gani ya yaba, iyaye su ji daɗi, alhali yaro biyu ne a kowane rukuni suka yi lissafin, sauran shida sun yi fenti da riƙe gam.

Maganin wannan ba gudun dabarar ba ne. Tsari ne ake juyawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zaɓar aiki mai ban sha'awa, sannan a shiga neman lissafin da za a cusa masa. Sabon malami ya kamata ya fara da buɗe manhaja ya ɗauki batu ɗaya ko biyu na wannan zango, sannan ya nemi tambayar da ba za ta amsu ba sai da wannan batu. Aikin farko kada ya wuce darasi biyar ko shida, kuma sau ɗaya a zango ya isa a shekarar farko. Sauran makonni a yi bayani da misali da atisaye kamar yadda aka saba, ba tare da jin kunya ba.

Gwangwani nawa ne a tiya?

A ɗauki ajin farko na ƙaramar sakandare, batun kuma matsakaici da gwargwado da kaso cikin ɗari. Tambayar da za a rubuta a allo gajeriya ce: gwangwanin madara nawa ne a tiya ɗaya, kuma nawa ma'auni ke samu idan ya fasa buhu? Kayan aikin ba su wuce tiya biyar da aka aro daga gidaje daban-daban ba, da gwangwanaye, da baho ɗaya na gero wanda za a mayar wa mai shi. Ba sai an tura yara kasuwa ba, domin hakan na buƙatar izinin iyaye da rakiya, kuma sabon malami bai kamata ya ɗora wa kansa wannan nauyi ba. Kasuwar ce za a kawo aji.

A darasin farko kowane rukuni zai auna ya rubuta abin da ya samu a allo. A ce an sami 15 da 16 da 16 da 17 da 18. Nan take gardama za ta ɓarke, kuma wannan gardama ita ce darasin. Wani zai ce su wancan rukuni sun shafe bakin gwangwani, su kuwa sun cika shi har ya yi tozo. Wata za ta ce tiyar gidan su wane an bubbuge gindinta. Wani zai kawo maganar hannun da ma'auni ke karewa da shi a gefen kwano don hatsi ya ƙara tsayuwa. Duk yaron da ke ajin ya san abin da ake nufi da tauye mudu, saboda haka babu wanda zai tambayi amfanin abin da ake yi. Aikin malami shi ne ya bar gardamar ta nuna, sannan ya tambaya: idan dole ne a faɗi lamba ɗaya da za ta wakilci duka biyar, wacce ce, kuma don me? Wasu za su ce 16 domin ta fito sau biyu. Wasu za su ce 16 domin ita ce a tsakiya idan an jera su. Da wuya a rasa wanda zai ce a haɗa duka a raba daidai, a sami 82 a raba gida biyar, wato 16.4. Ma'aunan tsakiya guda uku da manhaja ke so sun fito ke nan daga bakin yara, kafin a ba kowanne sunansa.

A nan ne kuma malami zai tsayar da aikin ya koyar, kai tsaye, da alli a hannu. Wannan tsayawa ita ce sabon malami ya fi mantawa da ita, domin an sa masa a rai cewa bayani laifi ne. Darasi na biyu gaba ɗaya na ƙa'ida ne da atisaye: yadda ake fitar da matsakaici, me 0.4 na gwangwani ke nufi, da tambayoyi goma da ba su da alaƙa da gero. Idan yaro ya iya fitar da matsakaicin gwangwanaye amma ya kasa fitar da matsakaicin makin jarrabawa, to, an sake haifar yaron Recife ne a cikin aji.

Darasi na uku da na huɗu su koma kan buhu. An saba cewa buhu tiya arba'in ne. A ƙaddara, don misali kawai, ma'auni ya sayi buhu a kan naira 40,000 yana sayar da tiya 1,100. Idan ya fitar da arba'in cif, ya tara 44,000, ribarsa 4,000, wato kashi 10 cikin 100 na uwar kuɗi. Idan kuwa tozo da gyara da abin da ya zube suka cinye tiya biyu, 41,800 zai tara, riba ta koma 1,800, wato kashi 4.5 cikin 100. Kashi 5 cikin 100 na hatsi ne ya tafi, amma ya tafi da fiye da rabin riba. Yaro ɗan shekara 12 da ya gano wannan da hannunsa ya fahimci cewa kaso cikin ɗari kullum kason wani abu ne, kuma dole a tambayi na mene ne. Manya da yawa masu digiri ba su riƙe wannan ba. In an sami sikeli na aro, sai a ɗora tiyar gero a kai, a ɗora tiyar gyaɗa marar ɓawo, a ga mazubi ɗaya ya ba da nauyi biyu. Daga nan bambancin abin da mazubi ke ci da nauyin abin da aka zuba ya zauna.

Darasi na biyar na gabatarwa ne, amma malami ne zai zaɓi wanda zai yi bayani daga kowane rukuni, ba rukunin ba, kuma sai a ranar za a san ko wane ne. Na shida gajeriyar jarrabawa ce, kowa shi kaɗai, da Ingilishi, da irin tambayoyin da zai tarar a gaba. Makin aikin rukuni ya zama kaɗan, na wannan jarrabawa ya fi yawa. Wata riba da ba ta shiga rajistar maki ita ce, a irin wannan aiki yarinyar nan mai talla, wadda aka saba gani a bayan aji tana gyangyaɗi, ita ce za a riƙa juyowa ana tambaya.

Inda harshe ya shigo

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ambaci koyarwa da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yanki a shekarun farko na firamare, sannan a koma Ingilishi. Gwajin Ife na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya nuna yaran da aka koya wa darussa da Yarbanci, har da lissafi, ba su koma baya ba. Duk da haka, a ƙaramar sakandare Ingilishi ne harshen koyarwa a hukumance. Amma da zarar an raba yara rukuni-rukuni aka ba su gwangwani, hukuma ta fita daga maganar. Da Hausa za su yi musu. Malamin da ya hana su zai sami aji mai shiru da aikin da ya mutu. Wanda ya ƙyale su kuma bai mayar da abin da suka faɗa zuwa kalmar jarrabawa da alamarta ba, ya bar su a bakin kogi.

Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage. Tana da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, tana da sau da saura da kashi. Ƙirgar da ake cewa ashirin ba biyu a nufi 18 ɗebewa ce a cikin sunan lamba. Zamanin wuri ya bar zangu da zambar da keso. Karatun fiƙihu ya shigo da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni da ushuri, har ma da matsaloli masu zurfi. Idan mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, rabin miji da sulusi biyu na 'yan'uwa sun haɗu sun zama bakwai bisa shida, sun fi dukiyar yawa, sai malaman gado su mayar da asalin rabon bakwai, miji ya ɗauki uku, su su ɗauki huɗu. Wannan lissafin gwargwado ne tsantsa, kuma an daɗe ana yin sa a zaure.

Sai dai kalmar gida tana zuwa da kayanta. Rabi a bakin yaro yana iya zama babba ko ƙarami, har a ji ya ce a ba shi babban rabin, alhali rabin lissafi ba shi da babba. Raba tana nufin a kasa abu ko da ba daidai ba. Matsakaici a zancen yau da kullum abu ne da ba babba ba kuma ba ƙarami ba, bai ƙunshi a tara a raba ba, don haka idan malami ya yi amfani da kalmar ga ma'aunan tsakiya uku ba tare da bambancewa ba, yaro zai ɗauka abu ɗaya ne. Mafi wahala ita ce faɗi. Ana cewa tsawo da faɗi, sannan a ce faɗin gona a nufi dukan shimfiɗarta. Yaron da aka gaya wa ya ninka tsawo da faɗi don ya sami faɗi yana da haƙƙin ya rikice. Girma kuma tana ɗaukar tsawo da kauri da abin da mazubi ke ci, duk a lokaci guda. Gogaggen malami ya san waɗannan ramuka domin ya sha faɗawa cikinsu. Sabo bai sani ba, kuma kwas ɗin dabarun koyar da lissafi da ya yi a kwaleji da Ingilishi aka yi shi.

An yi ƙoƙari a baya. A shekarun 1980 an fitar da jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya tara, har da Hausa. Kamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya yi wa nazarin harshe da adabi hidimar da har yau ake cin moriyarta. Amma jerin kalmomi, a ce wannan daidai take da waccan, ba shi ne abin da malamin da ke tsaye a gaban rukuni goma yake buƙata ba. Yana buƙatar a gaya masa abin da yaro ke ji idan an furta kalmar, da inda ma'anar kasuwa ta rabu da ma'anar allo. Wannan aikin ilimin ma'ana ne da nazarin harshe a cikin al'umma, kuma sassan Hausa na jami'o'i ne suke da horon yin sa.

Ɗalibin digiri na biyu da ke neman batu zai iya ɗaukar na'urar naɗar murya ya zauna wurin ma'auna a kasuwar Dawanau, ya zauna wurin magina da teloli da masu awon fili, ya tattara yadda kowannensu ke faɗin tsawo da shimfiɗa da cika da ragi. Daga nan, da izinin makaranta da iyaye, ya zauna a bayan ajin da ake irin aikin tiyar nan, ya naɗi musun yara, ya ware wuraren da suka fahimci abu amma suka rasa kalma, da wuraren da suke da kalma amma ta kai su wani wuri dabam. Abin da zai fito ba sai ya zama ƙamus ba. Shafi ashirin sun isa, a kan kalmomi talatin na manhajar ajin farko, kowace da ma'anarta ta gida da ta lissafi da kuskuren da takan haifar, a rubuta tare da malamin lissafi daga tsangayar ilimi, a raba wa ɗaliban kwaleji kafin su fita koyarwar gwaji. Kalmar da ta cancanci shafin farko ita ce faɗi, kuma wurin magina ya kamata a fara tambaya, domin su ne kullum suke bambance faɗin bango da yawan bulon da zai ci.